Saniyar Innarka da Karatun Kurame

Zuwa ga Magaji,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ka. Ina roƙon Ubangiji takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, cikinka ya saba da abincin mutanen Kudu, ruwansu bai tayar maka da zazzaɓi ba. Mu nan Yankara lafiya lau muke, sai abin da ba a rasa ba. Ba labarin gari zan ba ka ba, wanda ya yi aure da wanda aka haifa ka ji su in ka zo. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni, har jiya na ɗinka wa wani bawan Allah hannun riga a baibai, ni da na tsufa a kan keke.

Ka san ba na iya zama da kai in yi doguwar magana. Kai ne ɗan fari, ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa da bakina ba. Ran da za ka tafi na raka ka tasha cikina cike da maganganu, amma da mota ta tashi abin da ya fito mini shi ne ka kula da akwatinka. Na dawo gida ina jin haushin kaina. To, takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, ita zan faɗa wa abin da na kasa faɗa maka. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Ranar kasuwa baffanka Alhaji Mamman ya tsaya da motarsa fijo a bakin rumfata, ya ce ya rubuta maka, ka kuma amsa. Ya yi maka tayin zama akawun kwangilarsa, ta ajujuwan nan da yake ginawa a ƙasar Sabuwa, ga babur, ga albashin da ya fi na hedimasta. Ya ce ka gaya masa sukolashif ɗinku har yanzu shiru, guzuri ya yi ƙasa, za ka yi tunani kafin hutu. Wannan tunani naka shi ne ya tsaya mini a rai. Tsoro nake ji ka ajiye karatun nan ka dawo. Abin da ya fi ci mini rai kuma, ni na tura Alhaji ya rubuta maka. Zan zo kan wannan, amma bari in faro daga baya.

Ina saurayi na zauna a Funtua wurin wani maigida da ke da keken yi wa manyan riguna aiki. A lokacin masu irin wannan keken ba su da yawa. Na fara kama hannu, har yana bar mini wuyan riga in yi shi ni kaɗai, sai auduga ta yi kuɗi. Abokaina suka shiga awo, kowa ka gani da sabon keken hawa da agogo. Maigidana ya ce in daure in kai baɗi, aikin ya zauna a hannuna. Na ga kamar baƙin ciki yake mini, na naɗe tabarmata na bi su. Kuɗin audugan nan ban san inda suka shiga ba, wallahi, in ban da keken hawa da wata hula da na yi ta taƙama da ita. Da kasuwar ta faɗi na koma, na tarar ya ɗauki wani yaron. Yau ga shi kuɗi sun zo gari, alhazai na wucewa ta gaban rumfata da shadda a ƙarƙashin hammata, su kai Funtua a yi musu aiki, ni ina nan da wando da faci da rigunan 'yan makaranta. Rabin sana'a na iya, kuma rabi nake ci.

Saboda haka in Alhaji ya kaɗa maka makullin babur, ka tuna da ni. Ba na zagin ƙanena, mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya yi maka. Kuɗin man fetur ɗin nan kuwa ban ce za su ƙare ba, ni ina na sani? Yanzu kowa ɗan kwangila ne, har mai facin taya na bakin tasha ya sayi jakar hannu yana zuwa ofis-ofis. Abin da na sani kawai, na taɓa ganin lokacin da muke rantsuwa auduga ba za ta taɓa faɗuwa ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan tsufa a gidanmu, kuma kai ka fara kama ni da shi. Ka san Innarka sanƙarau ya tafi da jinta tun tana 'yar mitsitsiya, can gidansu na Maguzawa bayan Pauwa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda na same ta. Daddawa take kawowa kasuwa, na zo saye na nemi ragi, ta dube ni sama da ƙasa, ta rufe ƙwaryarta ta juya mini baya. Masu baki ma ba su taɓa yi mini haka ba. Daga nan na riƙa sayen daddawar da ba ni da mai dafa mini ita. Da muka yi aure na shekara ina yi mata ihu a kunne kamar mai kiran wanda ke hayin rafi, ita kuwa ta zuba mini ido har in gaji. Daga baya na koyi hannunta, amma iyakar na cefane: gishiri, kananzir, baƙo ya zo, yaro ba lafiya. Na ga ai ya isa.

Ka tuna shekarar da aka yi zaman sulhu kan iyakar gonarta, a gaban mai gari? Ta tashi ta yi magana mai tsawo, hannu na tafiya, fuska na tafiya, ta nuna gawon nan, ta nuna inda tsohuwar jibar gara take. Aka juyo gare ni in fassara. Na ce ta ce ta gode, duk abin da manya suka yanke ta yarda. Kana tsugune a gefe, ba ka fi shekarun shiga aji ba, sai ka ce, “Baba, ba haka ta ce ba.” Na daka maka tsawa a gaban mutane. Aka yanke mata kunyoyi masu yawa daga gonar, ta ɗauki lokaci ba ta ko kallon inda nake. Ni ban yi don mugunta ba, rabin maganar ne ya wuce ni, kuma na ji kunyar in ce ban gane ba.

To ga shi aikin da ka zaɓa ke nan, tsayuwa tsakanin kurma da masu ji. Ka ji tsoron Allah, kada ka taɓa gajarta musu magana. In ba ka gane ba ka ce a sake, ko sau nawa ne, ko a gaban wa. Kuma ka riƙe sunayen yaran da za a ba ka. Garin nan kaf Bebiya suke ce mata, har ni a bayan idonta, alhali ubanta ya yanka mata rago ya sa mata Kande. Ban taɓa hana kowa ba.

Yanzu ga babbar. Ran da ka zo daga Sheme, ka tsuguna a zaure kanka a ƙasa, ka ce za ka ajiye koyarwar firamare ka tafi jami'a, me ka ce mini? Cewa ka yi za ka yi digiri ka zama malamin kurame. Ban tambaye ka komai ba, kai ma in ban da maganar kuɗi ba ka ƙara ba, kunyar nan tamu dai. To Magaji, kai ka yi mini adalci. Malamin dabbobi karatu yake koya wa shanu? Allura yake yi musu. Malamin kutare da ke zuwa Ƙanƙara fa, ba ƙwaya yake raba musu ba? Ni da na ji malamin kurame, wallahi abin da ya zo mini shi ne za a koya maka buɗe kunne. Na ce ashe da rabon matar nan ta ji muryar 'ya'yanta. Na shiga gida da murna, na taɓa kafaɗarta, na nuna ɗakinka, na yi mata alamar littafi, na nuna Kudu, sannan na sa yatsa a kunnena na buɗe tafin hannu kamar mai sakin tsuntsu. Ta dube ni ta daɗe. Na kuma yi mata alamar kuɗi, na nuna babu, domin ka riga ka gaya mini gwamnati za ta ɗauki nauyi amma takardar na jinkiri, kuɗin mota da ɗaki da abinci da littattafai na shekarar fari sai mun nemo, ga albashinka zai tsaya.

Washegari ta ɗaura zane ta kama hanyar Pauwa. Ka san jar saniyar nan tata da ke wurin kawunka Nomau, jikar wadda ubanta ya ba ta ran da aka kawo ta gidana. A shekarun farin nan, lokacin da muke cin abinci sau ɗaya a yini, babu irin roƙon da ban yi mata ba ta sayar. Ta ƙi. A ka take ɗaukar harawa ta kai mata. Nomau da kansa ya gaya mini ran nan ya yi ta hana ta sayar da ita, ya ce, “Aradu na zaci haukacewa ta yi.” Ta kwance igiyar da hannunta, suka kora ta kasuwar Sheme. Da ta dawo ta ɗora ƙullin kuɗin a kan kekena ta wuce madafa. Da su ka tafi. Na ce maka adashi na ɗauka, ba gaskiya ba ne, ita ta hana a gaya maka.

Ni kuwa bakina bai zauna ba. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji ɗana ya tafi koyon buɗe kunne. Labari ya yi ƙafa, har wani manomi daga ƙauyukan Sabuwa ya zo da ɗiyarsa kurma, kyakkyawar yarinya, da kaza a hannu, wai a sa ta a layi kafin ka dawo mutane su yi yawa. Na karɓi kazar, Allah ya yafe mini, har muka ci ta da tuwon dawa.

Hedimastanmu ne ya kwance ni. Ya zo maganar rigunan yara, na fara yi masa taƙamar da na saba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ce, “Malam Tela, koyarwa zai yi, ba magani ba. Kunnen da ya mutu ya mutu.” Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na ce to in ya gama ina zai yi aikin? Ya ce makarantun kurame ba su da yawa, kuma a manyan birane suke, nan ƙasarmu daga Ƙanƙara har Sabuwa bai san ko ɗaya ba. Ya ce ana cewa za a buɗe tunda gwamnati na da kuɗi, amma ya ɗaga kafaɗa. Na tambayi albashi, ya ce kamar na kowane malami mai digiri, kuma wanda ya karanta lissafi ko aikin banki zai riga ka hawa mota. Ya ce mai yiwuwa ma a ƙarshe a tura ka makarantar masu ji, ko a ajiye ka a ofis. Ya ƙara da cewa maganar hannun da ake koyarwa a can ba irin ta gida ba ce, daga ƙasar waje aka kawo ta. Wannan ma ya tsorata ni. Na ga ka dawo da hannun Turawa kana gyara wa uwarka magana a tsakar gidanta. Kada ka kuskura, Magaji. In ka zo ƙofar gida ka ajiye nasu tare da takalminka.

Na ɗauki kaza daga cikin namu na tafi ƙauyen mutumin nan na mayar masa, na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Sai ya ce to karatun fa, za ka koya mata? A ina? Yaushe? Yarinyar na raɓe a jikin rumbu tana kallon bakinmu. Ka ɗauki darasi a nan: iyayen yaran nan za su zo maka da buri mai nauyi, kowa na jiran ka yi abin al'ajabi. Ka gaya musu tun ranar farko abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba, kafin su sayar da wani abu.

A hanyar dawowa ne na yi wautar da ta kawo takardar nan. Na yi ta lissafi a raina: saniya ta tafi, kunne ba zai buɗe ba, aiki babu tabbas, shekaru kuma za su tafi. Na ce an cuci matar nan, kuma ni na cuce ta. Maimakon in nufi gida sai na ratse wurin Alhaji, na ce ya taimake ni ya jawo ka, ko banza in ka yi 'yan watanni kana ɗaukar albashinsa ka saya mata wata saniyar, mu rufe maganar. Ban shawarce ka ba, ban shawarce ta ba. Halin nawa dai na gaban mai gari, na sake yanke mata hukunci ban tambaye ta ba.

Na daɗe ina kewaya ta. In ta kawo abinci in kasa haɗa ido da ita. Ita kuwa ka san ta, ba abin da ke wuce ta, ta riƙa taɓa mini goshi ko zazzaɓi ne. Da Alhaji ya ce ka amsa, na ga ba makawa. Da hantsi na same ta a bakin rijiya tana wanke kalwa, na tsuguna a gabanta. Na sa yatsa a kunne, na buɗe hannu kamar wancan karon, sannan na kaɗa hannu na nuna ƙarya ne, babu. Na nuna ƙirjina, ni ne na yi kuskure. Na yi alamar ƙaho, na nuna ta tafi a banza. Na ce amma kada ta damu, za ka dawo ka yi aiki da Alhaji ka saya mata wata. Ina yi hawaye na zuba, ban san ma sun zo ba.

Magaji, dariya ta yi. Irin dariyar nan tata mai ƙara da ba ta san tana da ita ba. Ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa mini a ka. Ta nuna kunnenta, ta yi alamar haƙa rami da binnewa, ta nuna tuntuni. Ta tambaye ni ko yarinya na ɗauke ta. Ashe tun kafin ka zo mini a zaure kun gama magana da ita, ka nuna mata yara a zaune, da allo, da kai a tsaye kana koya musu da hannu. Ranar da na shigo ina sakin tsuntsu a kunne, ta ce ta ga dai maigida ya rikice, ta ƙyale ni don ta ga ina murna. Duk gidan ni kaɗai ne ban gane ba, ni mai kunne biyu.

Amma da ta fahimci maganar Alhaji, dariyar ta ɗauke. Ta ture ƙwaryar kalwa har ruwa ya zube mini a ƙafa. Ta nuna ba ta son saniya, ko garke ne. Na ce to don me ta sayar, tunda ta sani?

Ka san ita ma tana yi maka kunyar ɗan fari da hannunta. Ƙannenka in za su ambace ka girar hagu suke taɓawa, inda tabon nan naka yake. Ita tunda aka haife ka ban taɓa ganin ta yi ba, sai dai ta nuna ɗakinka da haɓa. Ran nan ta goge hannu a zane, ta ɗaga yatsa ta taɓa girarta ta hagu. Sannan ta ɗaga hannu biyu kamar mai kabbara, ta sunkuya, ta taɓa leɓenta tana motsa shi, ta nuna sama. Sai ta buɗe tafukanta a gabana, ta dafa ƙirjinta. Wannan kam ban buƙaci tafinta ba. Cewa take, “In ya dawo ya gaya mini, me nake ce wa Allah?”

Na zauna daɓas a cikin ruwan kalwa. Ran da za a ɗaura mana aure malam ya faɗi kalmar shahada, ta kalli bakinsa ta motsa nata, ni na ce ta karɓa. Ni na koya mata alwala, na koya mata tsayuwa da ruku'u da sujada, na nuna mata ta riƙa motsa baki. Na ce sauran Allah ya sani. Tun daga ranar ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba, inuwar katanga take dubawa, sau da yawa ita ke tashe ni. Duk shekarun nan bakina take kwaikwayo. Ta nuna mini lokacin da ƙaninka ya rasu a shekarar baƙon dauro, akwai abin da ta so ta roƙa, ta yi ta salla, amma ba ta san ko yana cikin abin da leɓenta ke faɗa ba. Ban taɓa tunanin tana tambayar kanta wannan ba, ko sau ɗaya. Kai kuwa ta kasa tambayarka, ta ce da girmanta ta ce wa ɗan fari ba ta san sallarta ba?

Na ce bari in gwada. Na nuna sama, na yi alamar godiya. Daga nan na tsaya. Fatiha kaɗai ta gagare ni. Yaya ake nuna rahama da hannu? Yaya ake nuna shiriya? Hannuna gishiri da kananzir ya sani. Na je wurin liman, ya ce niyyarta ta isar mata, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na kawo mata wannan da ƙyar, ta gyaɗa kai ta nuna ta san da haka, ba tsoron wuta take ji ba. So take ta sani.

To ka ji abin da aka sayi digirinka a kansa. Ban san ko akwai shi a cikin kwas ɗinku ba. Na tambayi hedimasta, shi ma bai sani ba, ya ce da wuya. Wannan na cikin abin da ke hana ni barci, kada a yi duk wahalar nan ka dawo da takarda mai hatimi ka tsaya a gabanta kamar yadda na tsaya. Ka tambayi malamanku. In ba su da shi, ka koyi yadda ake kai magana mai zurfi zuwa ga wanda bai taɓa jin ta ba, ai wannan dai dole sun sani, in ba haka ba me suke koyarwa? Sauran ka haɗa da hannunta da karatunka na allo. Kada ka yar da karatun nan, ka nemi malami a unguwar Hausawa ka riƙa bitar fassara.

Ba zan yi maka ƙarya in ce karatun nan zai yi maka arziki ba. Na auna shi ta kowace fuska, ta wajen kuɗi bai fita ba. Abokanka za su yi gidan bene kana hawan keke, wasu za su yi maka dariya su ce digirin bebaye. Zai yi maka zafi, ni ma zai yi mini, ina da son a ce ɗan wane ne. Amma na ga fuskar yarinyar nan a jikin rumbu, na ga ta uwarka a bakin rijiya, ban kuma san wani a ƙasar nan da ya tafi neman abin da suke jira ba sai kai.

Maganar guzuri ka bar mini. Na karɓi ɗinkin rigunan makarantu biyu, keken hawana ma na yi masa ciniki, ƙafata ba ta gaji ba tukuna. Hedimasta ya yi alkawarin raka ni ofishin sukolashif mu ji inda takardarka ta maƙale. Direban da zai kawo maka wasiƙar nan na ɗauke da garin kunu da ƙuli-ƙuli da daddawar Innarka, ka duba ya ba ka duka. Ka rage shan shayi da burodi, ka dafa da kanka, ba abin kunya ba ne. In ciwo ya kama ka kada ka ɓoye don gudun kashe kuɗi, ka ji ko? Alhaji kuma na je na ba shi haƙuri, ya ce ni da kai duka ba mu san ciwon kanmu ba, amma ƙofarsa a buɗe take. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofar ce nake tsoro.

Innarka ta fara tsufa, tarin nan nata na damina bai sake ta ba har yanzu. Ba don in tayar maka da hankali na faɗa ba, tana cin abinci tana aikinta. Amma kada ka yi wasa har a maimaita maka shekara.

In kuma ka duba ka ga ba za ka iya ba, ba zan yi maka baki ba, Allah ya sani. Sharaɗi ɗaya ne. Ka zo ka tsuguna a gabanta ka gaya mata da hannunka. Ni na daina yi mata tafinta.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kare ka daga sharrin mota da na ruwa da na mugun aboki. Allah ya buɗe maka ƙirji, ya sa albarka a hannunka, ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Ƙannenka na gaishe ka, kawunka Nomau ma ya ce a gaishe ka.

Da na gama na nuna wa Innarka takardar, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta daɗe tana kallon rubutun, ta shafa shi da tafinta. Ban san yadda ake rubuta abin da ta yi ba, kuma ba zan gajarta mata ba, ga shi yadda na gani: ta sake taɓa girarta ta hagu, ta nuna tabarmar sallarta, ta matsa gefe ta bar wurin zaman mutum ɗaya.

Ni ne mahaifinka,
Tela, Yankara.